Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa: Majinyatanmu Ba Kwatsam Suke Mutuwa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma Kwamishinoni, da shugabannin hukumomin kula da asibitocin jihohinmu, ranku ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekarata 23 a asibitin gwamnati, kuma mafi yawansu a ɗakin kwanciyar manya na yi su, inda ake kawo wanda ba tiyata za a yi masa ba, ba kuma haihuwa ba: masu hawan jini da ciwon suga, masu ƙoda da zuciya da hanta, masu tarin fuka, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Na rufe idon mutanen da ban san adadinsu ba. Akwai kalma ɗaya da nake ji a bakin 'yan'uwa kusan duk lokacin da aka yi rashi, har ma a bakin wasu ma'aikata, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Kalmar ita ce "kwatsam". Sai ka ji an ce jiya ma ya ci abinci, ya yi hira, kwatsam cikin dare rai ya yi halinsa.

Ina roƙon ku saurare ni kan wani dattijo guda.

An kawo shi da la'asar daga ƙauye, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, da tari da zazzaɓi na kwana biyar. Likita ya duba shi, ya ce ciwon huhu ne, ya rubuta allurai da ƙarin ruwa, aka ba shi gado. Da magariba na auna shi. Numfashinsa 24 a minti ɗaya, bugun zuciya 112, awon jininsa na sama 104, zafin jiki 38.4. Yana cikin hankalinsa, har ya tambaye ni ta ina gabas take. Na rubuta, na wuce gado na gaba, domin a daren mu biyu ne a kan majinyata 28. Wajen ƙarfe goma ɗansa ya same ni a tebur ya ce, "Sista, Baba fa yana ta surutai, yana kiran sunan yayansa da ya rasu tuntuni." Wata mai jinya a gadon kusa ta ce zafin zazzaɓi ne, zai sauka. Na koma na sake aunawa: numfashi 26, bugu 118, awon jini ya sauko 96. Na kira likitan da ke kwanan aiki, shi kaɗai ne a kan ɗakuna uku, yana can kan wata mata da ke aman jini. Ya ce yana zuwa. Da ya iso, ƙarfe ɗaya ta wuce. Ba mu da na'urar auna iskar jini a ɗakin, silindar oksijin ɗaya da muke da ita tana kan wani. Dattijon ya cika kafin kiran assalatu.

Da safe na ji ɗan yana waya a baranda yana cewa abin ya zo musu kwatsam. Ban ce masa komai ba. Amma takardar da ke maƙale a ƙafar gadon, da rubutun hannuna a jiki, ta faɗi abin da ke tafe tun magariba. Ban dai san yadda zan karanta ta ba a lokacin, kuma babu wata doka a ɗakin da ta ce idan an ga lamba kaza, dole likita ya bar abin da yake yi ya zo cikin minti kaza.

Jikin ɗan Adam yana yin gargaɗi kafin ya faɗi, sau da yawa da sa'o'i shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Kuma abin da ya fi saurin yin wannan gargaɗi shi ne numfashi. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan huhu ya cika da ruwa ko mugunya, ko jini ya yi tsami saboda suga ko ƙoda, ko ƙwayar cuta ta bazu cikin jini, numfashi ne ke fara hawa, tun awon jini bai nuna komai ba. Ƙidaya shi ba ya buƙatar lantarki ko na'ura. Ido ne da agogo da minti ɗaya. Duk da haka, ranku ya daɗe, ku sa a ɗauko muku fayil goma daga kowane ɗakin kwanciya a jiharku, ku duba layin numfashi. Za ku ga 20, 20, 20, 22, 20, safe da yamma, a kan mai sauƙi da mai gargara. Ba a ƙidaya ba, an rubuta ne kawai don kada gurbin ya zauna fanko. Na yi hakan ni ma a darare masu yawa, kuma ba na faɗa don alfahari. Wanda aka bar wa gado 28 da allurai da ƙarin ruwa da ƙarin jini da gawa, minti ɗaya a kan kowane mutum yana yi masa tsada.

A shekarar 2012 ƙungiyar manyan likitocin Ingila da ke Landan ta fito da wata takardar awo da ake kira NEWS, ta sake gyara ta a 2017 ta zama NEWS2. Abubuwa shida ta tattara: numfashi, yawan oksijin a jini, awon jini na sama, bugun zuciya, zafin jiki, da halin da hankalin majinyaci yake ciki. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yadda ya kauce daga daidai, a ƙara maki 2 idan mutum yana kan oksijin, sannan a tara. Idan jimilla ta kai 5, dole likita ya zo da gaggawa. Idan ta kai 7, a kira babba, a fara tunanin ɗakin kulawa ta musamman. Bayan shekaru, da na koyi wannan takarda, na zauna na lissafa wa dattijon nan makinsa daga abin da ban manta ba. Da magariba yana da 6. Da ƙarfe goma yana da 11, ko da ba a auna oksijin ba. Maki 3 daga ciki na surutan da ɗansa ya kawo mini ƙara ne, domin rikicewar hankali sabuwa, a wurin mutumin da ɗazu yake lafiya lau a kansa, alama ce mafi tsanani da takardar ta sani. Mu kuwa a nan ita ce alamar da aka fi saurin sallamawa. A ce zafin zazzaɓi ne, ko tsufa, ko iska, har a fita neman mai ruƙiyya alhali ƙwaƙwalwa ce ke kukan rashin jini ko oksijin ko suga.

Na san wani zai ce wannan tsarin Turawa ne, jikinmu da cututtukanmu daban suke. To an gwada shi a nan gida. A asibitin tarayya na Owo, jihar Ondo, an bibiyi majinyata sama da 500 masu zazzaɓin Lassa, aka wallafa sakamakon a 2021. Kusan 12 cikin ɗari sun rasu. Daga cikin abubuwan da suka bambanta waɗanda suka rasu da waɗanda suka tashi akwai shekaru 45 zuwa sama, da makin NEWS2 na 7 ko fiye a ranar kwantarwa, da taɓuwar ƙoda. Kafin nan likitocin Irrua a jihar Edo sun nuna cewa lalacewar ƙoda ita ce babbar alamar mutuwa a wannan cuta. Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da Lassa ke ziyarta duk rani, saboda haka maganar ba ta yi nisa da mu ba. Akwai ma wata takardar da aka gina kacokan daga bayanan majinyata fiye da 5,000 na ƙasashen Afirka shida, irin su Yuganda da Malawi da Tanzaniya, aka fitar a 2017 da sunan UVA. Ita ta saka matsayin mutum game da cutar ƙanjamau cikin lissafi, saboda a asibitocinmu wannan yana canza komai. Wanda duk ya ga waɗannan sun yi masa yawa, akwai ƙaramar qSOFA ta 2016 mai abu uku kacal: numfashi 22 ko fiye, awon jini 100 ko ƙasa, da rikicewar hankali. Biyu cikin uku a jikin mai zazzaɓi, mutumin yana cikin haɗari. Ba ruwana da wadda za ku zaɓa. Abin da ke damuna shi ne a ɗakunan da na yi aiki babu ko ɗaya da aka wajabta.

Bari in yi wata 'yar magana a kan oksimita, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. Ƙasa da 90 cikin ɗari, majinyaci yana buƙatar oksijin, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika koya wa ma'aikatanmu ba shi ne tana iya yin kuskure a kan baƙar fata. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya gano cewa na'urar tana nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku a baƙaƙe fiye da farare. Baƙin lalle a yatsa da sanyin hannu su ma suna rikita ta. Saboda haka idan za ku saya mana, ku saya masu inganci, kada a ba ɗan kwangila ya kwaso na bakin titi. Kuma a koya wa ƙananan ma'aikata cewa in na'ura ta ce 94 amma mutum yana haki, ya kasa ƙarasa jimla ɗaya, mutumin za a gaskata.

Sai gwaje-gwajen jini, kuma a nan ne zuciyata ta fi ƙuna.

Duk wanda aka kawo ba ya cikin hayyacinsa, abu na farko shi ne a soki yatsarsa a duba suga. Aikin daƙiƙa kaɗan ne. Idan ya faɗi ƙasa da 70, ruwan suga ta jijiya yana iya tayar da mutum zaune a gaban idonka. Na ga wannan da idona sau da yawa, har 'yan'uwan da suka fara salati suka koma kabbara. Mai ciwon suga da ya sha ƙwayarsa bai ci abinci ba, ko ya ɗauki azumi bai nemi shawarar likita ba, ko mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da aka ɗora wa kwinin, duk suna iya faɗawa wannan hali. Idan aka yi jinkiri, ƙwaƙwalwa ba ta dawowa. To sau nawa na'urar tana cikin aljihun tebur amma babu 'yan tsinkayen da ake ɗiga jinin a kai? Sai a rubuta wa ɗan'uwa takarda, ya tafi layin biyan kuɗi, ya karɓo rasit, ya nemi ɗakin gwaji, a ce masa sai an tayar da janareto. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana majinyaci agajin gaggawa bisa kowane dalili, har da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Ba wanda ke cewa "ba za mu duba shi ba". Amma gwajin da sai an biya kafin a yi, a hannun mutumin da kuɗinsa ya ƙare a kuɗin mota, hanawa ne da wani suna.

Ƙoda ita ce gaɓar da ke mutuwa a ɓoye. Ba ta ciwo, ba ta ihu. Abin da ke tona asirinta sinadarin kiriyatinin ne da yuriya a cikin jini, sai kuma yawan fitsari. Ƙa'idar da likitocin ƙoda na duniya suka amince da ita tun 2012 ta ce idan kiriyatinin ya ƙaru da 0.3 cikin kwana biyu, ko ya ninka ɗaya da rabi cikin mako, ko fitsari ya gaza rabin mililita a kowane kilo na nauyin mutum a awa har tsawon awa shida, ƙoda ta taɓu. Ga mutum mai kilo 60, wannan na nufin ƙasa da mililita 180 a awa shida, bai kai rabin ledar fiya wata ba. Robar awo ce kawai ake buƙata da wanda zai rubuta. A wannan matakin sau da yawa ana iya ceto ta: a ƙara ruwa yadda ya dace, a tsayar da magungunan da ke cin ta, a magance ƙwayar cutar da ke jini. Idan aka wuce matakin, sinadarin potasiyam yana taruwa. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5. Idan ya haura 6.5, zuciya tana iya tsayawa a tsakiyar hira, kuma wannan ita ce mutuwar da ta fi kama da "kwatsam" a idon 'yan'uwa. Muna da maganin riƙe zuciyar na ɗan lokaci, allurar kalsiyam da insulin haɗe da ruwan suga, kuma ba su da tsada. Amma ba za ka yi maganin abin da ba ka auna ba. Na sha ganin sakamakon gwajin ya iso ɗaki kwana biyu bayan an kai mai shi makwanci, a liƙa a fayil, a rufe.

Ku tambayi kusan duk wanda ya zo da ƙoda me ya sha kafin ya iso. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen da firoksikam, wani lokaci uku a haɗe cikin ƙullin leda ɗaya da ake kira haɗi, leburori da 'yan acaɓa da manoma suna sha kullum da daddare. Allurar jentamaisin a kyamis ba tare da gwaji ba. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, na basir da na shawara da na ƙarfin maza. Ga zafin bazara da aiki cikin rana babu isasshen ruwan sha. Mutanen Gashuwa da Nguru da Jakusko a jihar Yobe sun daɗe suna binne 'yan'uwansu saboda ciwon ƙoda, har abin ya zama labarin ƙasa. Na yaba da rage kuɗin wankin ƙoda da gwamnatin tarayya ta yi a wasu asibitocinta, daga kusan Naira 50,000 zuwa 12,000 a zama ɗaya. Sai dai wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya yana buƙatar wanki sau biyu ko uku duk mako har ƙarshen rayuwa, kuma gidaje nawa ne a Arewa za su jure wannan wata shida? An sayar da gona, an sayar da shanu, daga ƙarshe a ɗauke shi a koma gida. Duk lokacin da na ga an yanke kirtani a sabuwar cibiyar wankin ƙoda, ina farin ciki, sannan in tambayi kaina ko a wannan jihar ana iya auna kiriyatinin da ƙarfe biyun dare a babban asibitin ƙaramar hukuma.

Ƙarancin jini kuwa ba sai na tsawaita ba. PCV, wato gwajin auna yawan jini, aiki ne na mintoci, kuma wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai ga haki, jini yake buƙata a daren, ba gobe in 'yan'uwa sun zo daga ƙauye ba. Haka gwajin ƙanjamau: wanda ƙwayoyin garkuwarsa suka sauka ƙasa da 200 yana cikin rukunin da ya kamata a binciki tarin fuka da sanƙarau na naman gwari a jikinsa tun ranar farko, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2017.

Akwai kuma abin da majinyaci ke shigowa da shi tun daga gida, shekaru kafin ya ga ƙofarmu. Babbansu hawan jini. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana har da na Kano da Zariya aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu ana iya danganta shi da hawan jini. Ya kuma lissafa ciwon suga, da kitse a jini, da yawan gishiri, da ƙarancin cin ganye. Wannan na ƙarshe ya tsaya mini a rai, domin zogale da rama da alayyafo da yakuwa ba daga waje ake kawo su ba. Yawancin waɗanda ake kawo mana baki a karkace, hannu a sake, in ka tambaya sai a ce ai an taɓa gaya masa yana da hawan jini, ya sha magani wata ɗaya, ya ji sauƙi ya daina. Wasu kuma ranar ce farkon ranar da aka taɓa ɗaura musu abin awo a hannu, suna da shekara 60. Mai shanyewar jiki da ya zo ba ya cikin hayyacinsa, ko sugansa ya hau, ko zazzaɓi ya kama shi, ya fi kusa da mutuwa. Kuma abin da ke ƙarasa da yawansu ba ƙwaƙwalwar ba ce, kunu ne. Maƙogwaro ya daina haɗiya daidai, 'yan'uwa saboda tausayi su ɗura masa koko da cokali, ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, bayan kwana uku ciwon huhu ya tashi. Gwajin haɗiya da 'yan cokulan ruwa kafin a ba shi komai ta baki ba ya cin ko sisi.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka ba zan rufe ba sai na ambaci masu jego. Yarinya 'yar shekara 19 ko 22, ta haihu wata biyu ko uku, a kawo ta ƙafafu a kumbure, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari cikin dare. A gida an ce sanyi ne ya shige ta, ko ba ta yi wankan jego da kyau ba. Zuciyarta ce ta buɗe ta yi laushi. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun bayyana wannan ciwo tun shekarun 1970, suka alaƙanta shi da wankan ruwan zafi da kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta daga baya ya samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96 a wani asibitin Kano, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya, kuma ya ja hankali zuwa ga talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Hoton zuciya ne ke nuna ƙarfin da ya rage mata, kuma wadda tata ta yi rauni sosai ko awon jininta ya faɗi ita ce ke cikin haɗari mafi girma. Amma tun kafin hoto, ungozoma ko ma'aikaciyar da ke yi wa jariri rigakafi za ta iya ɗaga kai ta dubi uwar, ta danna ƙafarta, ta tambaye ta da matashi nawa take kwana. Uwar tana zuwa asibiti sau da yawa a watannin nan saboda allurar ɗanta. Ba wanda ke auna ta.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ni Musulma ce, na yi imani da ita: kwana idan ya ƙare babu makawa. Amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce mu nemi magani. Ajali yana hannun Allah. Batirin abin awon jini yana hannunku. Ɗan dattijon nan yana da haƙƙin ya yi tawakkali, ni da ku kuma za a tambaye mu abin da aka ba mu amana.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne. Ku fitar da umarni ɗaya ga duk asibitocin jiha cewa kowane gado a ɗakin manya ya kasance da takardar awo mai maki, mai launi, kuma a rubuta a jikinta ƙarara wa za a kira da minti nawa aka ba shi ya iso. A ba ƙaramar nas ikon tsallake ƙaramin likita ta kira babba idan lokacin ya wuce, ba tare da an tsawata mata da safe ba, domin na ga 'yan mata masu ido da basira sun yi shiru saboda tsoron a ce sun yi rashin kunya. Kowane ɗaki ya samu abin awon jini biyu masu aiki, da oksimita, da ma'aunin zafi, da na'urar suga tare da tsinkayenta, da agogon bango mai hannun daƙiƙa, a kuma ɗora wa mutum guda alhakin duba su duk mako. Gwajin suga da PCV da kiriyatinin da potasiyam da na zazzaɓin cizon sauro da na ƙanjamau su zama na farko a yi, a nemi kuɗi daga baya, ga duk wanda aka kwantar ta gaggawa. Dokar 2014 ta ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin agajin gaggawa, jihohinmu kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Akwai inda za a ɗora wannan nauyi in an so. Ɗakin gwaji ya samu hasken rana da zai riƙe na'ura ɗaya cikin dare, kuma idan ma'aikacin gwaji ya ga potasiyam 6.8, ya ɗaga waya ya kira ɗaki nan take, kada ya jira ɗan'uwa ya zo karɓar takarda.

Duk wannan zai zama takarda kawai in babu hannun da zai yi. Ba za a ce wa mutum biyu su auna majinyata 28 duk awa huɗu, su ƙidaya numfashi da gaskiya, ba. Abokan karatuna da yawa suna Saudiyya da Ingila yanzu, kuma ban zarge su ba. Kafin ku cike gurbinsu, ku horar da ƙananan ma'aikatan lafiya da ke zaune babu aiki a kan awon nan shida kaɗai, su riƙa zagayawa suna aunawa suna tara maki suna sanar da nas. Su ma masu jinya a koya musu. Su ne ke zaune a bakin gado dare da rana, su ne ke fara ganin canji. A gaya musu tun ranar kwantarwa: idan ya fara surutai, ko numfashinsa ya ƙaru, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya yi ta barci ba ya tasuwa, ku zo ku faɗa, kuma ba za a kore ku ba.

Sannan ku nemi lissafi. A yawancin asibitocinmu littafin mamata yana ɗauke da suna da kwanan wata da kalma ɗaya ta dalili, sau da yawa "zuciya ta tsaya", wadda gaskiya ce a kan kowane mamaci tun daga Annabi Adamu. Ku wajabta wa kowane asibiti zama sau ɗaya a wata, likitoci da nas-nas da ma'aikatan gwaji, a ɗauko fayil ɗin waɗanda suka rasu, a duba makinsu a ranar da suka zo, da lokacin da ya fara hawa, da lokacin da aka kira, da lokacin da aka zo. Ba don a nemi wanda za a hukunta ba, domin da zarar an fara hukunci za a koma rubuta 20, 20, 20. Bayan wata shida za ku san ko a jiharku mutane sun fi mutuwa ne a daren farko ko a ƙarshen mako, ko a ɗakin da babu oksijin, ko a kan jiran sakamakon gwaji, kuma za ku san inda Naira ɗaya za ta fi amfani.

Idan ɗayanku yana son ya tabbatar da abin da na faɗa, kada ya sanar da zuwansa, kada ya zo da rana lokacin da aka share baranda aka jera ma'aikata. Ya zo ƙarfe biyun dare, shi da direbansa, ya shiga ɗakin maza ko na mata a kowane babban asibiti, ya ƙirga ma'aikata, ya ƙirga gadaje, ya ce a auna masa suga da awon jini a nan take, sannan ya ɗauki takardar da ke ƙafar gadon wanda ya fi kowa haki ya duba ƙarfe nawa aka auna shi na ƙarshe.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya a ɗakin kwanciyar manya, daga ɗaya daga cikin asibitocin jiha.